Waken da Baffa Ya Ƙona

Ni ne ban da gaskiya, Baffa ne yake da ita. Da bakina na ɓata masa suna a unguwarmu, kuma ina sane da abin da nake yi lokacin da nake yi. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka ina cikin waɗanda suka kyauta masa.

Baffa ƙanen mahaifina ne. Ya rasu da hantsi a bazarar bana, kafin ruwan farko ya sauka, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin azahar ƙofar gidan ta cika. Manoma sun zo daga Zungur a bayan a-kori-kura, wasu ko ƙafa ba su tsaya wankewa ba. Wani tsoho da suka yi aikin gwamnati tare ya zauna a bakin zaure yana ta juya hularsa a hannu, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "Shi ne na ƙarshe da ya san ni da baƙin gashi." Wata mata ta zo daga Shadawanka, matar soja ce, ba addininmu ɗaya ba. Ta tsaya a soro tana kuka, tana cewa Baba ne ya koya mata shuka alayyafo a buhu lokacin da mijinta yake daji. Inna, matar Baffa, ba ta yi kuka mai sauti ba. Ta dai riƙa tambayar ko an bai wa baƙin Zungur ruwa.

A maƙabarta, ana cikin mayar da ƙasa, na ji mutum biyu a bayana suna magana ƙasa-ƙasa.

"Ai waken nan ne ya ci shi."

"Wane wake?"

"Wanda suke ƙonawa mana. Ɗan wansa ma da bakinsa ya faɗa."

Ban waiwaya ba. Ni ne ɗan wan nasa. An rufe Baffa, ƙaryar da na yi masa kuwa tana nan tsaye a bakin kabari da ƙafafunta.

Malamin gona ne shi har ya yi ritaya. Duk wanda ya san shi ya san ba ya iya wuce ƙwayar hatsi a ƙasa. Ko da babbar riga ce a jikinsa, ko a tsakiyar kasuwa ne, sai ya tsuguna ya tsince ya zuba a aljihu. Inna takan ce in za ta yi masa wanki sai ta fara ɗauko faranti. "Aljihun Baffanku rumbu ne," in ji ta, "dawa a dama, gero a hagu." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce kajinta ba su taɓa kai ƙara ba.

Bai taɓa sayar da iri ba. A gwangwanin madara yake bayarwa, da sharaɗi guda: in kaka ta yi ka cika gwangwanin ka dawo da shi, don wani ma ya samu. Wasu su dawo da shi, wasu su manta, bai taɓa bin kowa ba. In kuma ka kawo masa labari, ko na siyasa ne ko na aljanu, zai bari ka gama tsaf, sannan ya ce, "Ka gani da idonka? To tashi mu je mu gani." Da gaske yake yi, takalmi yake nema. Mun sha jin kunya a kan wannan muna yara.

Ina sakandare mahaifina ya rasu, Baffa ya ɗauke ni. Da jarrabawa ta ƙi, bai zage ni ba, bai kuma kwatanta ni da 'ya'yansa da suka wuce jami'a ba. Ya kama hannuna ya kai ni wurin wani abokinsa mai sayar da hatsi, ya ce, "Ga ɗan Yaya. Kansa bai son takarda, amma idonsa ya san tsaba." Haka yake kirana har ya koma ga Allah, ɗan Yaya, ko bayan na yi aure na koma Gwallameji na tara iyali. Kuma duk kaka, in ya sussuke waken gonarsa, sai ya aika da buhu kowane gida na dangi: Goggo, 'ya'yansa mata da ke gidajen aure, da ni. A wurinmu wannan buhun gaisuwa ce. Ba a tambayarsa, ba a kuma mayar da shi.

Asalin abin da ya shiga tsakaninmu ba waken gwaji ba ne. Wani abu ne da ya faru a rumfata. A lokacin nakan zuba maganin ƙwari a buhunan waken da nake ajiyewa, don kada ya huje kafin ya yi tsada. Wata rana Baffa ya biyo, ya cusa hannu a buhu, ya kai hanci.

"Ɗan Yaya, me ka zuba a nan?"

"Ɗan magani ne, Baffa. Kowa yana yi."

"Daga wannan buhun kake kai wa gida?"

Na ce a'a, na gida daban yake.

"To wannan 'ya'yan wa ka ware wa?"

Maƙwabtana na rumfa suka fashe da dariya. Har aka tashi kasuwa ana ce min "na gida daban yake". Washegari Baffa ya kawo min buhu mai leda a ciki, irin wanda in an ɗaure iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba, ya tsaya ya nuna min yadda ake ɗaurin. Na karɓa na yi godiya, na kuma daina zuba maganin. Amma dariyar nan ta zauna min a rai, ban yafe masa ita ba.

Ana nan sai wasu masu bincike suka neme shi. Suna da gonar gwaji a hanyar Zungur, an kewaye ta da waya, akwai mai gadi, suna son dattijon da ya san aiki kuma za a iya ba shi amana. Shugabarsu mace ce, Dakta kawai muke ce mata. Wake suke gwadawa, wanda aka taɓa wa ƙwayoyin halitta don ya jure zafi. Da gangan suke shuka shi da rani suna ba shi ruwa, don furensa ya faɗo a tsakiyar bazara.

Baffa ya yi mana bayani a zaure, ni da babban ɗansa.

"Wake ba ya tsoron rana," in ji shi. "Abin da ba ya so, gari ya ƙi yin sanyi lokacin da yake fure. Sai furen ya zube. Ka ga gona shar, ka yi murna, ƙarshe ka tashi da harawa ba wake. Da can sai jifa-jifa nake ganin haka. Yanzu kusan duk shekara sai an kawo min kuka."

Ɗan nasa ya ce, "To su me suka yi masa?"

"A cikin kowace tsaba akwai abin da ke gaya mata yadda za ta yi in zafi ya zo. Yaran nan sun koyi gano wurin, su ɗan gyara shi, ko furen zai riƙe."

Na ce, "Baffa, wannan ba shiga aikin Allah ba ne?"

Bai yi fushi ba. Ya ce shi ma tambayar da ya fara yi ke nan, har ya kai ta wurin malamai kafin ya karɓi aikin. "Mangwaro mai aure da kake sha, hannun mutum ne ya haɗa shi, Allah ne ya rayar. Ban ce maka duk ɗaya ba ne, wannan ya fi zurfi. Ban kuma ce maka lafiyayye ne ba. Ban sani ba tukuna, su ma ba su sani ba. Shi ya sa aka yi waya."

Na ji wannan da kunnena. Ina so a san na ji.

Bayan an girbe gwajin farko, Inna ta aike ni in kai masa maganinsa na hawan jini da ya manta a gida. Tun daga titi na hango hayaƙi. Da na isa bakin waya sai na ga rami, an zuba wake a ciki, tsaba fara tas, da harawarsa duka, an cinna wuta. Baffa ne riƙe da ashanar. Mutumin da ke tsugunawa don ƙwaya ɗaya, ga shi tsaye a kan wake yana ci da wuta. Ban tambaye shi komai ba. Na fito da wayar hannu na ɗauki hoto, na bai wa mai gadi maganin, na juyo.

Da la'asar, a majalisarmu ta ƙofar masallacin unguwar Baffa, na nuna hoton. Na ce, "In abinci ne, me ya sa ake ƙonawa?" Tambayar ta kama mutane, domin a wurinmu ko tuwon jiya ba a zubarwa. Da na ga an taru a kaina, sai na ƙara abin da ban gani ba. Na ce ai Baffa yana ɗan ɗibo wa gida a aljihu, kun dai san halinsa da tsaba. Wani ya ce ya ji irin wannan wake yana kashe haihuwa. Na san ba shi da hujja, amma na bar maganar ta wuce. Kafin mako ya zagayo, maganar ta shiga gidaje, ta koma Zungur, ta dawo da ƙari.

Liman ya tare Baffa ya tambaye shi. Baffa ya ce dokar gwaji ce, ba a fitar da ko ƙwaya sai an gama binciken lafiyarsa, duk wanda yake shakka ya tashi su je. Ba wanda ya je. Wurin da nisa, ga rana, zaman majalisa kuma ya fi daɗi. Masu zuwa karɓar iri suka ragu. Wasu suka aiko da gwangwaninsa ba komai a ciki.

Da kaka ta yi, mai keke ya sauke min buhun Baffa a ƙofar gida. Na lura ya fi na kullum cika. Maiɗakina ta fito da murna, na ce kada ta taɓa.

"Waken Baffa ne fa," in ji ta. "Shekara nawa muna ci?"

Na ce wa mai keken ya mayar, ya ajiye a ƙofar zaure. Na kuma zaɓi lokacin da na san mutane suna zaune a wurin. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Wallahi ko arne ba ya yi wa ubansa haka." Ta shige ɗaki.

Washegari mai keken nan ya dawo da buhun dawa. Ya ce, "Baba ya ce a gaya wa ɗan Yaya, wannan ba wake ba ne. Kuma yara ba su yi masa laifi ba." Mun ci dawar nan. Ban je godiya ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne azumi. Ƙosan Inna sananne ne a unguwar, kuma a shekarar Baffa ya ce kullum za a kai masallaci don buɗa-baki, ba jifa-jifa kamar da ba. Da kansa yake ɗauko kwanon. Ranar farko ina cikin sahu. Aka kira salla, hannuwa suka miƙa kan dabino da kunu da kankana, kowa ya tsallake kwanon Baffa kamar ba a ajiye shi ba. Ya ɗauki guda biyu ya ci, Liman ya ɗauki ɗaya. Bayan salla ya rufe kwanon ya koma da shi gida cike. Na ɗauka ba zai sake ba. Washegari ya kawo, jibi ma haka, har watan ya ƙare. Masu keke da ke tsayawa salla a kan hanya su ne suka riƙa cinyewa, don ba su san labarin ba. Ɗaya ma ya ce, "Baba, Allah ya saka wa mai suyar nan." Baffa ya ce zai gaya mata. Babban ɗansa ya faɗa min daga baya cewa Inna takan buɗe kwanon kullum ta duba.

Bayan ƙaramar salla, gwaji na biyu yana tsakiyar fure, Dakta ta gayyaci mutanen unguwa da na Zungur su zo su leƙa. Mutum kaɗan ne suka je. Ni na je ne don in samo abin faɗa a majalisa. Daga bayan waya aka tsayar da mu. Rana kamar ta fasa kai. Ta nuna mana layin waken gida, furensa duk a ƙasa. Ta nuna layukan gwaji: wasu sun zubar kamar na gidan, wasu kuwa sun riƙe, har sun fara ɗaure 'ya'ya. Ta ce kada mu tafi da cewa an gama, aiki ne na shekaru, mai yiwuwa ma a ƙarshe a ce bai yi ba.

Ina tsaye ma'aikata suka fito hutu. Baffa ya tsaya a ƙofar waya da tsintsiya, kowa sai ya kakkaɓe takalmi, ya warware naɗin wando. Da aka gama sai ya juya aljihunsa biyu waje a gaban mai gadi, mai gadin ya duba. Na ga a jikin mai gadin cewa abin kullum ne.

Dakta ta matso ta ce, "Kai ne ɗan wan Malam?"

Na ce ni ne. Na jira faɗa, ba ta yi ba.

"Ranar da za mu fara ƙonawa ya ce a nemi wani ya cinna, shi ba zai iya ba. Can kuma ya dawo ya ce a ba shi ashanar, tunda shi ya karɓi amanar. Da aka gama ya ce in gaya masa nauyin abin da ya ƙone. Na ɗauka don aiki ne. Ashe so yake ya fitar da kwatankwacinsa daga gonarsa ya ciyar. Na ce masa, Malam, ba laifi ka yi ba, doka ce. Ya ce ya sani, amma abinci ne ya bi ta hannunsa ya shiga wuta, ba zai iya barci ba sai wani ya ci madadinsa."

Sai a lokacin na gane dalilin cikar buhun da na mayar, da dalilin kwanon ƙosai na kullum.

Da yamma na same shi a zaure yana tsince iri a faifai. Na durƙusa na ce, "Baffa, na zo neman gafara. Ƙarya na yi maka."

"Na sani," in ji shi, bai ɗago ba. "Miƙo min gwangwanin can."

Na miƙa.

"Nawa na yafe tun ranar. Kai ɗan Yaya ne, ina zan kai ka? Amma a gaban jama'a ka yi, yanzu ka zo kana min raɗa a zaure. Innarka fa, da ta yi wata guda tana suya ana dawo mata da kwano? In kuma Allah ya sa waken nan ya fito wata rana, mutanen Zungur suka ƙi shi saboda maganarka, furensu na zuba suna kallo, wa zai ɗauki wannan? Je ka faɗa a inda ka faɗi wancan."

Na ce in sha Allah ranar Juma'a.

Juma'a ta zo, na ce mutane sun yi yawa. Wata Juma'ar ta zo, na ce ba su cika ba. Gaskiyar ita ce dariya nake tsoro, irin ta rumfa. Baffa bai sake tuna min ba. Da ciwon ya kwantar da shi na je asibiti, ya riƙe hannuna ya ce, "Ya kasuwa, ɗan Yaya?" Na ce lafiya. Ya dube ni kamar yana jiran ƙari, ni kuwa na shiga gyara masa matashi. Ban sake samunsa a farke ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabari, ya ba shi inuwa a ranar da ba inuwa sai tasa. Ya ciyar da shi kamar yadda ya ciyar, har da waɗanda suka ƙi ci.

Ranar addu'ar uku, bayan sallar la'asar, masallaci cike yake har waje. Liman ya shafa, mutane suka fara neman takalma, na miƙe. Maƙwabcina na rumfa ya ja min riga.

"Kai, zauna mana. An riga an rufe shi."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana a kan Baffa."

Liman ya dube ni, ina jin ya gane. Ya ce wa ladan, "Ba shi lasifika. Maganarsa ta farko ta shiga gidaje, wannan ma ta shiga."

Gidan Baffa katanga ɗaya ce da masallacin. Na san Inna tana zaune a ɗakin takaba, za ta ji. Na karɓi lasifikar.

"Assalamu alaikum. Jama'a, kun san ni, ni ne ɗan wan marigayi. Ni na kawo muku hoton wuta. Wutar gaskiya ce, dokar aikin ce, kuma ya gaya min dalili tun kafin in gani. Maganar cewa yana ɗibo waken gwaji ya kawo gida, ƙarya ce, ni na ƙirƙira, ban taɓa gani ba. Na yi ne don ya hana ni zuba magani a waken da nake sayar muku, na ji haushi. Maganar haihuwa ba ni da hujja a kanta, wanda ya faɗa ma ba shi da ita. Ba wake ne ya kashe Baffa ba, kwanansa ne ya ƙare. Ƙosan da kuka ƙi ci da azumi waken gonarsa ne, sadaka ce yake yi. Ya ce in faɗi wannan yana raye, na ji kunyarku, na ƙi, har ya tafi bai ji ba. Duk wanda ya kai maganata wani gida, don Allah ya kai wannan ma. Ina neman gafarar Allah, ina neman taku. Inna, na san kina ji. Ni ne na sa aka riƙa dawo miki da kwano. Don Allah ki yafe min."